Wadda Ta Hana Bashi, Marowaciya Ce?

Ga wata tambaya da ta shafi kowane gida. Mace tana sana'arta. Tana yin mai da ƙuli-ƙuli, ko ƙosai, ko fura. Sai ƙanwar mijinta ta aiko yaro da kwalba, ta ce a ba ta mai, in an kwana biyu za ta aiko da kuɗi. Mai sana'a ta san kuɗin nan ba za su zo ba, don na watan jiya ma ba su zo ba. In ta bayar, jarinta ya ragu. In ta hana, kafin la'asar an ji a bakin rijiya cewa matar wane ta fi son kuɗi da dangi. To, me ya kamata ta yi? In kuwa ta hana, rowa ta yi?

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Ku duba garinku. Mata nawa kuka sani da suka fara sana'a da kaka, da ƙarfinsu, amma kafin bazara kasko ya kife? Ɓarawo bai shiga ɗakinsu ba, gobara ba ta tashi ba, kayansu kuma ba su taɓa yin kwantai ba. In ka tambayi ɗaya daga cikinsu ina jarinta, sai ta ce: "Yana hannun mutane." Mutanen kuwa nata ne.

Mu yi lissafi tukuna

Mu ɗauki mai ƙuli-ƙuli. Kuɗin da za mu faɗa misali ne kawai, don farashi yana hawa yana sauka. Ranar kasuwa ta auni gyaɗa, ko gujiya kamar yadda mutanen Maraɗi ke cewa, tiya 10. Mu ce kowace tiya jika 1, wato dala 200. Jika 10 ke nan. Ta biya mai injin niƙa, ta sayi itace da gishiri da barkono, duka jika 1. Abin da ya fita daga hannunta jika 11. Ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta kai niƙa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta toya. Aikin kwana biyu ne, ga hayaƙi ga ciwon baya. Da ta sayar da mai da ƙuli-ƙuli duka, ta sami jika 13.

Cikin jika 13 nan, nawa ne nata? Jika 2 kaɗai. Su ne riba. Sauran jika 11 na sana'a ne. Su ne jari, su za su koma kasuwa su auno gyaɗar mako mai zuwa.

Yanzu mu ce mutum uku sun karɓi mai bashi, kowa na jika 1. Ga ido ba wani abu ba ne. Amma ranar kasuwa jika 10 ke ƙulle a bakin zanenta. Ta cire na niƙa da itace, saura jika 9. Tiya 9 za ta auna. Ribar mako ta tafi, ta kuma ja tiya ɗaya ta tafi da ita. Ga shi kuwa tana bukatar sabulu, tana bukatar kayan miya, kuma tun da babu riba, daga jari za ta cire. In haka ta ci gaba, kafin wata biyu tiya 4 za ta riƙa auna. Daga nan sai ta ce sana'ar ba ta da albarka, ko ta ce baki ne ya kama ta.

Shi ya sa tsofaffin mata masu sana'a ba su ƙirga jarinsu da dala. Da tiya suke ƙirga shi. Waɗanda suka yi wayo a shekarar 1994 suna tune da abin da ya faru. A watan Janairu na shekarar aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Da can tamma 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai da tamma 100. Kaya suka tashi a kasuwa. Matar da ta ce "jarina jika goma ne, ga su nan ba su ragu ba" ta je kasuwa ta tarar jika gomanta ba su cika mata buhun da suka saba cikawa ba. Wadda ta ce "jarina tiya goma ne" ita ce ta gane da wuri, ta gyara farashinta.

Kowane manomi ya san wannan magana, da wani suna dai ya san ta. In an yi girbi, sai ya zaɓi zangarniya mafi kyau, ya ɗaure, ya ajiye daban. Iri ke nan. Maƙwabci ya zo roƙon hatsi, zai ɗebar masa daga na ci. Irin nan kuwa ba ya taɓa shi, sai fa in yunwa ta kai inda ta kai. Kun taɓa jin an kira manomi marowaci don ya ƙi ba da irinsa a yi fura? Ba a yi. Cewa ake yi mutum ne mai hankali. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jarin mace irinta ne. Abin da ya sa mutane ba su ganin haka, dalili biyu ne. Na farko, iri yana da kamanninsa, yana da wurinsa cikin rumbu. Jari da riba kuwa kamanninsu ɗaya, cikin gwangwani ɗaya suke kwana, kuma mai kallo daga waje kuɗi kawai yake gani. Na biyu ya fi ciwo. Mutane da yawa ba su ɗauki sana'ar mace da nauyi ba. Wanda ba zai iya shiga kantin Alhaji ya ɗauki sukari ya ce "sai wani jiƙo" ba, shi ne zai miƙa hannu cikin kwaryar ƙanwarsa ya kwashi ƙuli-ƙuli yana dariya.

Zumunci fa?

Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci. Masu cewa a bayar su ma suna da hujja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce.

A ƙauye, mutum dangi ne arzikinsa. Ranar da ɗanki ya kwanta da dare, wa zai ɗaura amalanke ya kai shi likita? Ranar suna, wa zai daka miki? Ranar da aka yi miki rasuwa, wa zai zauna da ke? Mutanen nan ne masu aiko kwalba. A yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, mutane da yawa kwanon maƙwabta ne ya riƙe su. Haka aka yi a 2005, bayan fari da fara sun ci gonaki a 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba a ƙasashen Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wanda ya ga waɗannan shekaru ya san tara mutane ya fi tara dala. Kuma mata sun fi kowa sanin haka. Dubi biki. Yau kin kai wa ƙawarki dala ɗari ranar auren ɗiyarta, gobe ta mayar miki da ƙari ranar naki. Wannan ma ajiya ce, cikin hannun mutane ake yin ta.

Saboda haka wanda ya zo ya ce wa mace "ciniki ba ruwansa da dangi, ki rufe ido ki hana kowa", bai san zaman ƙauye ba. In ta bi maganarsa za ta sami jari ta rasa mutane. Ranar da ta faɗi, jari ba zai ɗaga ta ba.

To, ina mafita? A ganina, sai mun kira kowane abu da sunansa.

Akwai kyauta. Kin bayar, kin san kin bayar, ba ki jiran komi sai lada da godiya. Akwai bashi. Kin bayar, an sa rana, kowa ya san za a biya. Duka biyun nan halal ne, duka biyun suna ƙara zumunci. Amma akwai na uku, wanda ake kira bashi da baki alhali mai karɓa ya san ba zai biya ba, mai bayarwa ita ma ta sani. Shi ne mai kashe sana'a. Ku lura da kyau, shi ne kuma mai kashe zumunci. Ƙanwar miji da ta karɓi mai sau uku ba ta biya ba, ta fara kauce wa matar yayanta a hanyar rijiya. In tana bukatar mai da kuɗi hannu, sai ta aiki yaro wata unguwa, don kada a ga kuɗinta a tuna mata. Ita kuma matar yaya, ta kwana tana ƙirga abin da ake riƙe mata, tana gaisuwa da baki, ciki kuwa yana tafasa. Ba ta sami kuɗinta ba, ba ta sami godiya ba, ta kuma rasa mai saye. Da tun farko ta ce "ga rabin kwalba na ba ki kyauta", da asararta ba ta kai haka ba, da kuma suna nan suna dariya tare.

Me ya sa ba ta faɗi haka ba? Kunya. Kunya ado ce, mun yarda. Ita ke hana yaro ɗaga murya gaban babba. Amma abin da aka bayar don tsoron bakin mutane, da wuya a kira shi alheri. Alheri daga zuciya yake fitowa, da zaɓin mai shi. Wanda aka karɓe da kunya ya fi kama da abin da aka ƙwace, sai dai ba a ɗauki sanda ba.

Kunyar nan kuma tana haifar da wani abu mafi muni. Matar da ba ta iya cewa a'a, in ta gaji sai ta koyi ƙarya. Mai yana cikin tulu bayan gado, ta ce wa yaro: "Je ka ce wallahi ya ƙare." Ɗiyarta tana tsaye tana ji. Gobe an ga ɗiyar da kwalba bisa kai tana talla, ƙarya ta fito fili. Yanzu an sami marowaciya kuma maƙaryaciya. Ni dai ina ganin "a'a" ta gaskiya da sakin fuska ta fi "wallahi babu" ta ƙarya nesa ba kusa ba.

Abin da addini ya ce

Wasu suna tsammani rubuta bashi ko tambayar bashi rashin tawakkali ne, ko halin nasara. Su tambayi malamin garinsu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani mai girma ita ce ta 282 cikin Suratul Baƙara, kuma a kan bashi take magana. Ta yi umurni a sa wa bashi lokaci, a rubuta shi, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Kafin ita kaɗan, aya ta 280 ta yi magana a kan wanda ake bi alhali yana cikin matsi: a saurara masa har ya samu, in kuwa an yafe masa ya fi alheri. Ku duba yadda aka jera su kusa da juna. Rubutu bai hana tausayi ba. Hasali ma, wadda ta san abin da take bi ita ce ke iya yafewa da saninta. Malamai sun kuma karantar da mu cewa mai hali da ya riƙa jan ƙafa wajen biyan bashi, zalunci yake yi.

Nana Hadiza, uwar muminai, ƴar kasuwa ce a Makka. Tana ɗaukar mutane aiki suna kai mata kaya har ƙasar Sham. Ta haka ta san amanar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kafin ta aure shi. Ba wanda ya fi ta kyauta. Amma dukiyar da ta yi kyauta da ita, sai da ta tsare ta tukuna.

A nan sai mu juya ga masu gida, don su ma suna karatu. A shari'a, dukiyar mace tata ce. Ciyarwa da tufatarwa suna wuyan miji. Al'adarmu ma ta san haka tun da daɗewa: aljihun miji daban, ƙullin mata daban, har miji yakan sayi ƙosai wajen matarsa ya biya. Amma ku da kanku kun san abin da ke faruwa. Mai gida ya ga sana'a ta kankama, sai ya janye hannu daga cefane. Yau "ki sa gishiri, zan ba ki", gobe "ranta mini dala ɗari biyu in je kasuwa". Wannan bashi ya fi kowane wuyar tambaya, don mai riƙe da shi ɗaki ɗaya ake kwana da shi. Malam, in matarka ta taimake ka da son ranta, Allah ya saka mata. Sau da yawa ma ribarta ce ke riƙe gidanka lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kai kuma ka tafi cin rani. Amma in ka ce ranta, to ranta ce. Ka biya ranar da ka faɗa, ko ka zo da bakinka ka nemi a ƙara maka kwana. Wanda ya cinye jarin matarsa da rani, shi zai nemi wanda zai ranta masa da damina ya rasa.

Akwatin mai kwaɗo uku

Mata ba su zauna jiran wani ya warware musu wannan matsala ba. Tun da can suna da dabarunsu. Kuɗi in sun taru, sai a mai da su akuya ko tunkiya, ko kwanonin jere, don akuya ba a gutsurarta a ba mai roƙo. Akwai kuma adashe, kowa ta zuba, a kwashe bi da bi.

A shekarar 1991, cikin jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara wani aiki tare da matan ƙauye, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Kagadama tana cikin garuruwan farko. Tsarin ba shi da wuya. Mata kamar 20 zuwa 30 su haɗu, su zaɓi shugabanninsu, su riƙa taruwa sau ɗaya a mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin suna shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Wadda ke son rance don sana'a ta faɗa a bainar taro, a ba ta, a sa mata rana. In wa'adin da aka ɗiba ya cika, galibi kusan shekara, sai a fasa asusu a raba. Ba wani banki da ya kawo musu kuɗi, nasu ne suka tara. Da yake yawancin matan farko ba su yi karatu ba, da ka suke riƙe lissafi, kowa shaidar ƴar uwarta ce. Daga ƙasarmu wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka, har ya ƙetare teku. Maganar ɗan ƙarin da ake ɗorawa bisa rance kuwa, akwai malaman da ba su yarda da shi ba, kuma wannan zance ne mai zaman kansa.

Abin da ya sa na kawo labarin akwatin nan shi ne abin da ya yi wa bakin mace. Da can in an roƙe ta, hanya biyu gare ta: ta bayar tana ƙunci, ko ta rantse da ƙarya. Yanzu ta sami ta uku. Tana iya cewa: "Kuɗina suna cikin asusu, mabuɗi ba ya hannuna." Gaskiya ta faɗa, kuma ba wanda zai ji haushi, don kowa ya san dokar akwati. Ga wani abu kuma. Wadda ta ɗauki rance a asusu, jarin da ke hannunta na mata talatin ne. In ta ba da shi bashin da ba ya dawowa, da kayan mutane ta yi kyauta. Haka ma wadda ta karɓi gyaɗa wajen mai awo da alkawarin biya ranar kasuwa. Kyauta da kayan wani ba ta da lada.

Ƙungiyoyi da yawa suna ajiye wani ɗan asusu daban, na taimako, don rashin lafiya ko rasuwa ko gobara. Wannan ba a mayar da shi da ƙari. Kun gani, matan nan ba su kori tausayi ba. Ɗaki suka gina masa, don kada ya kwana cikin rumbun iri.

Wadda ba ta cikin asusu ma tana iya yin haka a ɗakinta. Gwangwani ɗaya na jari, ɗaya na riba. Daga na riba ta ware abin da za ta yi alheri da shi, gwargwadon ƙarfinta. Wadda ta shiga karatun manya kuwa ta sami abin da ya fi gwangwani. Ta sayi kaye da bik. Ta rubuta suna, da abin da aka karɓa, da ranar biya. Ba sai ta iya dogon rubutu ba. Kuma ta rubuta a gaban mai karɓa, ta karanta masa. Za ku yi mamaki. Rabin masu cewa "ranta mini", da sun ga an buɗe kaye, sai su ce bari dai su je su dawo.

Sannu a hankali mace takan canza. Ba a kwana ɗaya ake koyon wannan ba. Ranar farko da za ta ce a'a, muryarta rawa take yi, ta kwana tana tunanin abin da za a ce. Za a kuwa ce. Za a yi mako biyu ana yi da ita. Amma in ta riƙe hanya ɗaya ga kowa, ba ta hana wannan ta ba waccan ba, maganar takan mutu. Sai ta koyi raba mutum da roƙonsa: ta ƙi roƙon, ta riƙe mutumin. Uwar miji ta aiko, ta tashi da kanta ta je, ta durƙusa ta ce: "Inna, wancan na sayarwa ne, kuɗin mutane ke ciki. Ga wannan na kawo miki, nawa ne, ba bashi ba ne." Wace uwar miji ce za ta yi fushi da haka? In ma ta yi, ba zai daɗe ba. Ga ƙanwar miji kuma ta ce: "Kawo rabin na wancan wata, in ƙara miki wani." Matar da ta iya waɗannan kalmomi, za ku ga ta iya magana a taron gari, ta iya tsayawa gaban mai awo ta ce tiyarsa ba ta cika ba. Har mijinta yakan fara shawara da ita, don ya ga kanta yana riƙe lissafi.

Inda hankali ke komawa rowa

Sai dai akwai rami a wannan gefen ma, kuma mata masu ƙoƙari ne ke faɗawa cikinsa. Wadda ta sha wuya kafin ta koyi tsare jarinta, wani lokaci hannunta yakan ƙulle ya ƙi buɗewa. Jari ya ƙaru, riba ta ƙaru, amma gwangwanin alheri yana nan yadda yake, ko ma ya ɓace. Ta daina gyara wa mai saye. Ta fara danna gindin gwangwanin awo ciki, tana ƙara wa nono ruwa. Ta hana ɗiyarta zuwa lakwal don talla, ta kuma doke ta in dala biyar ta ɓace. Komi ta gani sai ta yi masa kuɗi. In an yi mata magana ta ce ai jari take tsaro. Wannan kam rowa ce, ko da wane suna aka kira ta. Ana gane ta da alama ɗaya: arziki yana hawa, kyauta ba ta hawa tare da shi.

Kuma akwai ranar da ake fasa jari. Manomi ma yakan ci irinsa in rai ya zo wuya. Yaron maƙwabciya yana suma da zazzaɓi, babu kuɗin mota zuwa likita. Matar ƙanenki tana naƙuda ta ƙi sauka. Gidan da ke jikin naku an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, kin kuwa sani, don ba ki ga hayaƙi ba. A irin wannan rana ba a buɗe kaye. Ana buɗe gwangwani ne, ko wane ne ya fi kusa. Jari in ya karye ana ɗora shi, ko da tiya biyu a sake farawa. Amfanin tsare shi a sauran ranaku shi ne a same shi a wannan rana. Wadda ta bari aka kwashe nata da kwalba-kwalba don soya miyar marmari, ranar da za a kai yaro likita hawaye kawai gare ta.

Wuyar abin ita ce gane wace rana ce wace. Babu kayen da zai faɗa miki. Mai bukata ta gaskiya sau da yawa ita ce ba ta roƙo, mai yawan aike kuwa wani lokaci akuyoyinta sun fi naki. A ƙauye ba a ɓoye wa juna irin wannan. Kin san wadda mijinta ya tafi Kano ko Agadas shekara biyu babu aike. Kin san wadda ta sayi sabon zane ran kasuwa alhali sunanta yana cikin kayenki.

Ita ta farkon, in sunanta ya daɗe a rubuce kuma kin ga ba ta da hanyar biya, kada ki bar ta tana kauce miki a hanya. Ki kira ta ɗaki, ba gaban kishiya ba, ba gaban yara ba. Ki buɗe kaye ki nuna mata sunanta, ki ja layi a kansa tana gani, ki ce mata wannan ya wuce. In kuma tana da hannun sana'a, ki auna mata tiya ɗaya ko biyu daga ribarki ta fara nata, ki nuna mata wajen mai awon da tiyarsa ke cika.